Bipolar na bin jini, amma ba hukunci ba ne

1/ A Bulgeriya masana sun binciki dangogin Roma masu ciwon bipolar. Suna auren zumunci kamar mu, shi ya sa bin sawun gadon ya yi sauƙi.

2/ Mu a Yauri, kawuna kan yi kwanaki ba barci, surutu ba tsayawa, can kuma ya kulle kansa a ɗaki. Aka ce iskoki ne. Manemin Yayata ya janye, wai gidan mahaukata.

3/ E, ana gado. Amma ko tagwaye masu kama ɗaya, wani kan kamu ɗayan ya tsira.

4/ Akwai magani, irin su lithium. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na nan. Don Allah mu daina ɓoye namu.