Imesi-Ile, garin da katin awon yara ya samo asali

Uwargida, ina katin asibitin ɗanki yake yanzu? In sai kin zazzage akwati kafin ki gan shi, to biyo ni mu je Jihar Osun.

Daga Ilesha za ki kama hanyar Imesi-Ile, ƙaramin garin Yarbawa manoma da ke kan tudu. Mota na hawa tana nishi, gonakin koko da doya hagu da dama, ga manyan duwatsu sun kewaye garin. In kin isa ba abin da zai ja idonki: kasuwa ce, da coci, da gidajen kwano masu tsatsa. Amma daga nan katin da ke cikin akwatinki ya fito.

A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya fara aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha. Ya ga ana kawo yaran ƙauye bayan ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, gudawa ko tamowa sun gama cin jikinsu. Sai shi da wata nas, Margaret Woodland, suka bi yara sama da 400 na Imesi-Ile tun daga haihuwa, ana ɗora su a ma'auni wata-wata.

Abin da suka gano shi ne, sau da yawa nauyin yaro kan tsaya cik tun kafin uwa ta ga alamar ciwo. Suka tsara kati mai layi: in layin na hawa, yaro na kan hanya, in ya kwanta ko ya gangaro, a tashi tsaye. Kuma ba su kulle shi a ofis ba, a hannun uwa suka bar shi, ko ta yi boko ko ba ta yi ba. Daga baya ƙasashe da dama suka ɗauki tsarin.

A kantin magani kullum ina tambayar iyaye mata nauyin yaro, amsar kuwa ita ce shekarunsa. Alhali maganin yara, har parasitamol, da nauyi ake ƙayyade shi.

Don haka yau ki nemo katin nan, ki sa shi a leda, ki ajiye a jakar da kike fita da ita. In an yi wata biyu layin bai hau ba, kada ki jira zazzaɓi, ki kai shi asibiti.