George Muller da Karatun Asuba

A ƙasar Ingila akwai wani gari na bakin teku, sunansa Bristol. A can ne wani Bajamushe, George Muller, ya riƙe marayu fiye da 10,000 cikin zamaninsa, ba shi da gona, ba shi da kanti, bai kuwa taɓa cewa da wani mahaluki ya ba shi ko kwabo ba. Labarin kuɗin shi ne ya fi bazuwa a duniya. Amma shi kansa ya fi son a san abin da ya ke yi kowace safiya kafin ya karya kumallo.

An haife shi cikin 1805 a ƙasar Jamus. Da ƙuruciya ba yaron kirki ba ne. Ubansa mai karɓar haraji ne, yaron kuwa ya riƙa ɗibar kuɗin tun bai kai shekara 10 ba. Yana da shekara 16 aka ɗaure shi fiye da mako uku, don ya ci ya kwana a masauki ya ƙi biya. Ya tuba cikin 1825, sa'ad da ya ke karatu a Halle. Amma ko bayan tuban, sai da ya yi wajen shekara huɗu yana karanta littattafan da mutane suka rubuta game da addini, Littafi Mai Tsarki kuwa yana ajiye. Daga baya ya yi nadamar wannan ƙwarai.

Ya zo Ingila cikin 1829, ya zama mai wa'azi, ya koma Bristol cikin 1832. Ran 5 ga Disamba 1835 yana karanta Zabura ta 81, sai aya ta 10 ta tsaya masa a rai, inda Ubangiji ya ke kiran mutanensa su roƙa da yawa, shi zai ƙosar da su. Nan take ya roƙi abu uku: gida, da fam 1,000, da mutanen da za su lura da yara. Bayan kwana biyu aka kawo masa sule guda. Da wannan sulen aka fara. Abin dariya, da ya sa ranar karɓar marayu ko ɗaya bai zo ba, sa'an nan ya tuna ya roƙi kome da kome amma bai roƙi yaran ba. Aka buɗe gidan cikin Afrilu 1836, a wani titi da a ke kira Wilson.

Ga yadda karatun nasa ya ke. Shekaru da yawa, da ya tashi da asuba sai ya durƙusa ya fara addu'a. Amma zuciya ba ta da linzami. Ya kan yi minti 15, wani lokaci rabin sa'a, bakinsa na motsi, hankalinsa kuwa na can wajen bashin wani ko ciwon wani. Cikin 1841 ya sake tsari. Ya roƙi albarka da 'yan kalmomi kaɗan, ya buɗe Sabon Alkawari daga inda ya tsaya jiya, ya ɗauki aya guda ya yi ta juya ta a zuci, kamar yadda saniya ta kan kwanta ta yi tuƙa. Wannan shi ne Kirista su ke kira bimbini. Ba don ya sami abin da zai yi wa'azi da shi ya ke yi ba, don ya ciyad da ransa ne kawai. Kafin a jima sai ayar ta kai shi ga neman gafara, ko ga godiya, ko ga roƙo domin wani, har addu'ar da ya ke kokawa da ita dā ta zo da kanta. Sau da yawa yawo ya ke yi cikin fili da littafin a hannu, yana tafe yana tsayawa. Ba ya tsallake wuri mai wuya ya nemi mai daɗi, bi da bi ya ke yi, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Wanda bai daɗe da koyon karatu ba, wanda har yanzu ya ke bin layi da yatsa, ba shi da abin jin kunya a nan, gama mutumin da ya yi jami'a da gangan ya mai da kansa mai karatu sannu sannu.

Gwaji ya zo cikin 1838. Ran 18 ga Satumba asusun marayu ya ƙare sarai, har ana shawarar a sayad da kayan da ba lalle ba ne. Bashi kuwa ya riga ya haramta wa kansa. Da rana sai ga wata mace daga Landan da fam 3 da sule 2 da sisi. Ashe ta yi kwana huɗu ko biyar tana sauke a gidan da ke maƙwabtaka da na marayun, kuɗin na hannunta. Muller bai yi fushi da jinkirin ba. A ganinsa taimakon ya riga ya iso tun kafin buƙata ta yi tsanani, an dai bar shi ne ya yi ta roƙo.

Masu shakka sun ce ai yana buga rahoto kowace shekara, wannan ma roƙo ne a fakaice. Maganarsu ba ta rasa kan gado ba, kuma ya san da ita. Saboda haka a ƙarshen 1841, lokacin da babu ta yi tsanani, ya ɗage fitar da rahoton, kada a ce ya yi kuka ne aka ji. Watanni suka wuce ana samun na yau a yau, yaran kuwa ba su kwana da yunwa ba. Da maƙwabta suka yi ƙarar hayaniya, sai ya gina babban gida a tudun Ashley Down, aka buɗe cikin 1849. Kafin ƙarshen 1870 gidajen sun zama biyar, masu ɗaukar yara wajen 2,000.

Kada a zaci duk abin da ya roƙa ya samu. Ɗansa ya rasu yana jariri cikin 1835. Cikin Fabrairu 1870 zazzaɓi ya kwantar da matarsa Mary, wadda suka yi kusan shekara 40 tare. Ya roƙa mata lafiya, ya karanta mata Zabura ta 84, ya ce a ransa in tashinta alheri ne za ta tashi. Ba ta tashi ba. Shi da kansa ya yi wa'azin jana'izarta, daga Zabura ta 119, a kan nagartar Allah, ko da ya ke bai ɓoye wa kowa zafin rashin ba.

Yana da kusan shekara 70 ya fara yawon wa'azi, ya zaga ƙasashe 42. Ran 9 ga Maris 1898 ya ja addu'ar maraice a gidan marayu, ya shiga ɗakinsa. Da safe aka kai masa shayi, aka tarar rai ya yi halinsa, yana da shekara 92. Fiye da fam miliyan guda ta bi ta hannunsa, amma da aka lissafta abin da ya bari, littattafai da kayan ɗaki da 'yan kuɗi, duka bai wuce fam 160 da kaɗan ba.