Zamanin Bodin Katako

A ƙarshen shekarun 1970, babbar motar kaya ba ta zuwa hannun mai ita a kammale. Abin da dila zai miƙa masa shi ne kai da inji da shasi da tayoyi. Sauran jikin, inda buhuna da shanu da fasinja za su zauna, aikin kafintocin gari ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin masu wannan sana'a a Kano, kuma a rumfarsa na yi yawancin hutun makarantata, ina miƙa ƙusa, ina share dusar katako. A lokacin Bedford da Austin sun fara tsufa, Marsandi 911 mai dunƙulallen hanci ita ke tashe.

Ba a fara aiki da zarto. Da zama ake farawa. Mai mota zai zo da direbansa, a shimfiɗa tabarma, a gaisa, sannan Kawu ya ce, "To Alhaji, wace hanya za ta riƙa bi, kuma me za ta ɗauka?" Amsar ita ce zanen motar. Wadda za ta kai shanu Legas tana son dogayen bango masu tazara tsakanin katako da katako don iska, da faifai a sama inda masu rakiyar dabbobi za su zauna. Wadda za ta riƙa cin kasuwannin ƙauye tana son bencina da ake cirewa a mayar, domin da safe mutane za ta ɗauka, da yamma hatsi. Direba kuma da nasa buƙatun: akwatin sifanu a gefe, maratayar buta, tsani a inda karen mota zai iya kama shi mota na tafiya. Kawu ba ya rubuta komai. Yana sauraro ne yana shafa shasin da tafin hannu, washegari a aika a sayo katakon maɗaci ko na loko, ya ƙwanƙwasa kowane falanki ya ji amonsa kafin ya karɓa.

Kowane kafinta da alamarsa. Na Kawu, gaban bodin yana da ɗan lanƙwasa a sama, kuma yakan fere ƙarshen kowane ginshiƙi ya yi masa kai mai tsini. Ba wanda ya biya shi kuɗin wannan feren, ba ya kuma ƙara wa mota ƙarfi. Amma direbobi a tashar Gusau ko ta Potiskum suna hango mota su ce daga rumfar wane ta fito, kuma ya san suna faɗa.

Idan katako ya gama hawa sai mai fenti ya zo, kuma ranar ce mu yara muke jira. Yakan iso da gwangwanayensa a ɗaure bayan keke, burushinsa kuwa wasu shi ya haɗa su da gashin wutsiyar doki. Gefen mota ado ne na layi da furanni, kore da ja da ruwan ɗorawa. Ƙyauren baya shi ne fagen fama, domin shi duk wanda ke bin motar zai yi ta kallo har ya samu hanyar wucewa. A nan ake zana zaki ya danne barewa, ko mikiya da maciji a ƙafarta, ko ɗawisu ya baje, ko masallaci da bishiyar dabino. Wanda ya sauke farali yakan so jirgin sama. Direbobi samari, waɗanda ba sa fashin sinima, su ne masu son kaboyi da bindiga biyu. Sai rubutu a goshin mota, da boko ko da ajami: Haƙuri Maganin Duniya, Allah Ya Kiyaye, Mahassada Kun Ji Kunya. Ba a zaɓen rubutun nan da wasa. Na ga mutumin da ya kwana uku yana sauya ra'ayi, mai fenti na jira, domin abin da ya rubuta shi za a riƙa kiransa da shi a tasha har sunansa na yanka ya ɓace. Sau da yawa rubutun amsa ce ga wani: ɗan'uwan da ya ce ba za ka yi arziki ba, ko maigidan da ya kore ka kana yaron mota.

Mu ma a bayan rumfa muna da namu garejin. Da langa-langa da kara da gwangwanin madara muke ƙera motoci, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, mu sa dogon sitiyari na waya. Abin kunya ne a cikinmu ka yi irin ta abokinka sak.

Wata rana ɗaya daga cikin yaran Kawu, wanda ke koyon walda, ya sayo tsoffin mujallun Turanci a wajen masu baza littattafai a Sabon Gari, har da wata mai suna Hot Rod. Ni ne ɗan sakandare, don haka ni aka ɗora wa karatu da fassara. A nan na fara sanin cewa a can Amurka, ƙasar da ke fitar da motoci dubbai iri ɗaya daga masana'anta, akwai mutanen da ba su yarda mota ta gamu ba sai ta bi ta hannunsu.

Abin ya faro ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Samarin da ba su da kuɗin sabuwar mota suna sayen tsoffin Ford, Model T da Model A, waɗanda yawansu ya sa suka yi arha. Su kwance duk abin da ke ƙara nauyi, murafun tayoyi da rufi da bamba. A 1932 Ford ya fito da inji mai silinda 8 a mota mai sauƙin kuɗi, ƙarfinsa doki 65, kuma bayan 'yan shekaru injinan suka cika wajen 'yan gwangwan. Samarin suka riƙa ɗora su a kan ƙananan motoci marasa nauyi, su ƙara kafireto biyu ko uku, su kankare kan silinda don matsi ya ƙaru. Wajen gwaji shi ne busassun tafkunan hamadar Mojabe, Muroc da El Mirage, fili shimfiɗaɗɗe ba rami ba kwana. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA don auna gudu da agogo. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka dawo gida da ilimin walda da na injin jirgi. Ɗaya daga cikinsu, Bill Burke, ya dubi tankin mai da ake rataya wa jirgin yaƙi, wanda aka riga aka ƙera shi don ya tsaga iska, ya sa masa inji da taya huɗu ya shiga ciki ya zauna. Mujallar da ke hannuna Robert Petersen ne ya fara buga ta a 1948. A 1949 SCTA ta fara tata gasar gudu a filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke tsere daga titunan gari, inda yake cin rayuka.

Waɗancan masu neman gudu ne. Akwai kuma masu neman kyau, su ne suka fi kama hankalin rumfarmu. Wasu 'yan'uwa biyu a Los Anjalas, Sam da George Barris, sun ɗauki Mercury ƙirar 1951 ta wani saurayi, Bob Hirohata, a 1952 suka sare ginshiƙan rufinta suka sauke shi ƙasa, suka cire marikan ƙofa, suka cike duk wata gaɓa da narkakkiyar dalma har jikin ya zama sumul. Adon gefenta na Buick ne, fitilun bayanta na Lincoln, daga baya aka sa mata injin Cadillac. Sassan motoci daban-daban a jiki ɗaya, amma idan ka kalle ta ba za ka ga ɗinki ba. A zamanin ne kuma wani mai fenti da ake kira Von Dutch ya yi suna da jan siraran layuka da hannu, ba ma'auni ba takardar kwafi.

Hoton wata mota irin wannan, mai sararren rufi, shi Kawu ya karɓa daga hannuna ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Zo ka gani, ɗan nan. Ginshiƙan rufi a karkace suke, ƙasa ya fi sama faɗi. In ka yanke tsakiya, na sama ba zai hau na ƙasa ba. Dole ya tsaga rufin ya ƙara masa, ko ya kwantar da ginshiƙan, sannan ya sake yanka gilashi. Wanda ya yi wannan mai hannu ne." Bai iya karanta kalma ɗaya a shafin ba, amma ya karanta aikin gaba ɗaya. Sai ya tambaye ni, "Me take ɗauka?" Na ce, "Kawu, ba ta ɗaukar komai, shi da abokinsa kawai." Ya yi shiru, sannan ya ce ai mu ma rabin wahalar da muke sha don ido ne.

Inda muka rabu da su shi ne hanya. Su suna sauke mota, mu muna ɗaga ta. 'Yan asalin Meksiko da ke gabashin Los Anjalas sun mayar da saukewar nan al'ada, motocinsu na jan ciki a hankali a kan titi, fenti na walƙiya. A 1958 Kalifoniya ta yi dokar hana duk motar da wani sashe nata ya sauka ƙasa da bakin wili. Shekara guda bayan haka wani mai suna Ron Aguirre ya sa wa Corvette ɗinsa famfon mai na jirgin sama, ya zama da maɓalli ɗaya zai ɗaga ta idan ya hango ɗan sanda, ya sauke ta idan ya wuce. Sai a farkon 2024 aka soke dokar. Mu kuwa, da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika ƙasa da 504, abin da mai a-kori-kura ke fara yi shi ne ya kai ta a ƙara mata ganyen sifirin, a yi mata rumfa da kariya a sama, domin ramukan damina da buhunan da zai labta mata ba sa cikin lissafin injiniyan Faransa.

Ba na cewa komai na wancan zamani alheri ne. Bodin katako idan ya faɗi tarwatsewa yake, kuma mutanen da ke zaune a saman kaya ba su da abin kamawa. Akwai gidaje da yawa da suka yi makoki saboda shi. Bodin ƙarfe ya fi ƙarko, katako mai kyau kuma ya yi tsada, don haka sana'ar Kawu ta yi ta ja baya tun yana da ƙarfinsa, yaransa suka koma walda. Wannan sauyi ne da ya kamata. Abin da ke damuna daban ne. Motar da ta shigo ta Kwatano a yau a rufe take, kwamfuta ke sarrafa ta, bakanike ya jona na'ura ta faɗa masa abin da zai cire ya yar. Ado kuma ya koma sitika da inji ke bugawa, zaki ɗaya a bayan Adaidaita Sahu ɗari. Yaro zai iya shekara biyar a gareji bai taɓa ƙera abin da babu shi a da ba, bai taɓa tsayawa gaban ƙarfe ya ce ga yadda nake so ka zama ba. Ni a ganina asarar ta wuce ta ado, domin mutumin da ya saba sauya abin da aka miƙo masa ba ya ɗaukar duniya a matsayin abin da aka gama.

Hannun dai bai mutu ba. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga ana ƙera abin da kamfani ya daina yi. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci, shi ya zana jikin Chevrolet Volt da aka nuna a Ditroit a 2007. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir da injin lantarki, wanda shi ne ainihin abin da samarin Kalifoniya suka yi: tsohon jiki, sabuwar zuciya.

Amurkawa sun adana nasu. A 2017 aka shigar da motar Hirohata cikin rajistar motocin tarihi ta ƙasar, aka ajiye ta cikin akwatin gilashi a babban dandalin birnin Washinton jama'a na kallo, a 2022 kuma aka yi gwanjonta a kan kimanin dala miliyan 2. Namu ƙyamaren bayan, masu zaki da ɗawisu, idan suka ruɓe itacen girki suke zama. Har yanzu akwai tsirarun 911 masu bodin katako da ke jigilar albasa da hatsi, kuma ana iya sayen ɗaya cikakkiya a ajiye ta a inuwa kafin gara ta gama da ita. Masu fentin ba su cika sa hannu a aikinsu ba, kafintocin ma haka, don haka sunayensu a kan tsoffin direbobi suke. Da yawa cikin direbobin nan sun ajiye tuƙi, suna zaune a tashoshi suna kamasho, kuma a wajensu ya kamata a fara tambaya.