Marcus Hutchins da Darasin Izini

Ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a Ingila suka tarar da wani jan saƙo a fuskar kwamfutocinsu: an kulle duk bayanan da ke ciki, kuma ba za a buɗe ba sai an biya fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. Aka ɗage tiyata, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, likitoci suka koma ga biro da takarda. Muguwar manhajar, wadda aka sani da WannaCry, ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki. Daga baya aka ƙiyasta cewa ganin likita kusan 19,000 aka soke a Ingila kaɗai.

Abin da ya ba ta wannan sauri shi ne ba ta jiran kowa ya latsa komai. Tana bi ne ta wata kafa da ke cikin Windows, ta tsallaka daga wannan kwamfuta zuwa waccan da kanta. Microsoft ya riga ya toshe kafar tun watan Maris, amma ɗimbin ma'aikatu ba su sabunta na'urorinsu ba. Makamin da ke amfani da kafar, EternalBlue, ya fito ne daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers suka watsa shi a intanet a watan Afrilu.

A garin Ilfracombe da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Marcus Hutchins yana hutun aiki a gidan iyayensa. Bai yi jami'a ba. A ɗakin kwanansa ya koya wa kansa sana'ar. Da ya samu samfurin manhajar ya duba cikinta, sai ya lura tana neman tuntuɓar wani dogon adireshin yanar gizo marar ma'ana, wanda babu wanda ya yi wa rajista. Ya biya dala 10 da 'yan kai ya mallake shi. Nufinsa kawai ya riƙa ƙidayar kwamfutocin da suka kamu, domin aikinsa ke nan na yau da kullum. Sai bayan sa'o'i aka fahimci abin da ya faru: an tsara manhajar ne ta yadda in ta nemi adireshin ta same shi a raye, sai ta dakata. Hutchins ya kashe wutar ba tare da ya san ya taɓa makunninta ba. Kwanakin da suka biyo baya, shi da abokan aikinsa na kamfanin Kryptos Logic suka hana idonsu barci suna kare adireshin, domin wasu sun yi ta ƙoƙarin durƙusar da shi don annobar ta sake tashi.

Jaridu suka binciko sunansa, suka yi dafifi a ƙofar gidan iyayensa, aka yi masa laƙabin gwarzo. Ko wata uku ba a cika ba, ranar 2 ga Agusta, jami'an FBI suka kama shi a filin jirgin saman Las Vegas yana shirin komawa gida daga babban taron masu kutse na DEF CON. Tuhumar ba ta da alaƙa da WannaCry. Ta shafi abin da ya aikata shekaru kafin haka, tun yana matashi: ya rubuta wata manhaja mai suna UPAS Kit, sannan ya taimaka wajen ƙera Kronos, wadda ke satar kalmomin sirri na masu asusun banki. Shi ne marubucin, wani ne ke sayarwa. Ya daina, ya canja hanya, ya yi suna a aikin kariya, amma tsohon sawunsa yana nan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A nan labarinsa ya zama abin nazari ga duk mai sha'awar sana'ar tsaron bayanai. Ilimin da ya rubuta Kronos da shi, da ilimin da ya warware WannaCry da shi, ɗaya ne. Wanda bai san yadda ake ƙera muguwar manhaja ba zai sha wuya kafin ya gane ta in ya gan ta. Maƙerin da ya iya gyara kwaɗo ya iya buɗe shi babu mabuɗi. Hannunsa ɗaya ne ko mai gida ne ya kira shi da rana ko shi ya kai kansa da dare. Abin da ya raba mai kutse na halal da ɓarawo shi ne izini, da kuma amanar da ke biyo bayansa. Kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba, domin kotu ba ta ganin zuciya.

Izinin nan kuwa ba maganar fatar baki ba ce. Kafin mai gwajin kutse ya taɓa na'urar wani kamfani, sai an rubuta yarjejeniya: waɗanne kwamfutoci aka yarda ya gwada, a wane lokaci, da waɗanne dabaru, wa zai kira idan wani abu ya lalace, me zai yi da bayanan da idonsa ya gani. Ko da takarda a hannu, ana iya shiga uku. A watan Satumban 2019 aka kama ma'aikata biyu na kamfanin Coalfire a cikin wani ginin kotu a jihar Iowa ta Amurka, tsakar dare, alhali sashen shari'a na jihar ne ya ɗauke su aikin gwada tsaron gine-ginensa. Matsalar ita ce ginin mallakar ƙaramar hukuma ne, kuma ba a sanar da ita ba. Sun kwana a tsare, kuma sai a Janairun 2020 aka janye tuhumar. Darasin a fili yake: bai isa a ba ka izini ba, sai ka tabbatar mai bayarwar yana da ikon bayarwa.

Dokoki ma a kan wannan layi suka tsaya. Amurka tana da dokarta tun 1986, Birtaniya tun 1990, Nijeriya kuma ta kafa dokar laifukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024. Dukansu sun ɗauki shiga kwamfutar wani ba da izini ba a matsayin laifi. Saboda haka ɗalibin da ya gano ɓaraka a shafin makarantarsu ko na bankinsa, ya kutsa don ya nuna musu, yana tsammanin godiya ko tayin aiki, yana iya tsintar kansa gaban alƙali.

Abin farin ciki shi ne hanyar halal ta fi faɗi yanzu fiye da lokacin da Hutchins ke tasowa. Akwai dandalin horo irin su TryHackMe da Hack The Box, inda aka ajiye na'urori musamman domin a fasa su. Akwai gasar kutse da ake shiryawa a jami'o'i da tarurruka. Akwai HackerOne da Bugcrowd, inda kamfanoni ke bayyana iyakar abin da suka yarda a gwada, su biya lada ga wanda ya kawo rahoton rauni. Ma'aikatar tsaron Amurka kanta ta buɗe irin wannan shiri a 2016. Akwai takardun shaida, daga Security+ ta masu farawa zuwa OSCP, wadda jarrabawarta ke ɗaukar kusan yini da kwana ana fasa na'urori, sannan a rubuta rahoto. Ƙarƙashin wannan duka akwai tushe marar armashi da ba a tsallakewa: sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, sanin Linux da Windows ciki da bai, da iya rubuta ƙananan manhajoji.

Wani ɓangaren labarin Hutchins da ba a cika ambata ba shi ne yadda ya samu aiki. Takardar shaida ba ita ta kai shi ba. Ya buɗe shafi da sunan MalwareTech, yana rubuta bayani dalla-dalla kan yadda yake warware miyagun manhajoji da bin sawun rundunonin kwamfutocin da aka sace. Shugaban Kryptos Logic ya karanta, ya nemo shi daga Los Angeles. Wannan sana'a ce da aikin mutum ke yi masa shaida, kuma rabin aikin rubutu ne. Mai gwajin da ya fasa na'ura amma ya kasa bayyana wa shugaban banki, cikin harshe mai sauƙi, abin da ke cikin haɗari da abin da ya kamata a fara gyarawa, bai gama aikinsa ba. Yawancin ranakun ma'aikacin tsaron bayanai ma ba a fasa komai suke ƙarewa ba. Suna tafiya ne a duba rajistar abin da ya gudana a na'urori, da bin ma'aikata su sabunta manhaja. Wannan aikin marar daɗi, da an yi shi a kan kari, da WannaCry ba ta samu ƙofar shiga asibitoci ba.

A watan Afrilun 2019 Hutchins ya amsa laifi biyu, ya kuma fito fili ya ce ya yi nadama. Ranar 26 ga Yuli, a kotun tarayya da ke Milwaukee, Mai Shari'a J. P. Stadtmueller ya yanke hukunci. Yana da damar ɗaure shi shekaru, amma ya duba cewa saurayin ya bar mugun aikin da kansa tun kafin a kama shi, ya kuma auna ɓarnar Kronos da ɓarnar da ya hana WannaCry yi. Ya sallame shi ba tare da ƙarin ɗauri ba, sai shekara ɗaya ta sa ido.

An yi masa sassauci, amma ya biya farashi: kusan shekara biyu yana maƙale a ƙasar da ba tasa ba, da tabon laifi a kan sunansa. Kuma ba kowane matashi ne zai samu annobar duniya ya tsayar kafin ranar shari'arsa ba. Ga mai shirin shiga wannan fage, da iyayen da ke kallon ɗansu yana kwana gaban kwamfuta, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda za a yi kafin a taɓa kowace na'ura: ta wace ce, kuma mai ita ya yarda a rubuce?