DAGA GARUN MALAM ZUWA JAZIRA

Ya ku 'yan'uwanmu 'yan makaranta, muna so mu ba ku labarin tafiyar da muka yi zuwa ƙasar Sudan neman ilmin likita, da abin da muka tarar a can, wanda ashe a ƙofar gidanmu muka baro shi ba mu sani ba.

Mu mutanen ƙasar Garun Malam ne, kudu da birnin Kano, kan hanyar Zariya. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama aikin cikin 1974, aka haƙa babbar magudana wadda ta ke kawo ruwa har filayen Bunkure da Kura da Kadawa. Tun daga nan ƙasarmu ta zama ta noman rani. Inda dā ba a ganin kome da rani sai ƙura da karmami, yanzu sai shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Mu da aka haifa bayan wannan, a cikin ruwa muka buɗe ido. In an tashi daga makaranta da tsakar rana, sai mu yar da jaka a bakin magudana mu faɗa ciki, mu yi ta iyo har la'asar.

To, akwai wani abu da kusan dukanmu muka yi a lokacin nan, watau fitsarin jini, wanda a ke kira tsargiya. Yaro ya kan ga ɗigon jini a ƙarshen fitsari, da ɗan zafi kaɗan. Amma ba mu ɗauke shi ciwo ba. Waɗansu su ce zafin rana ne, waɗansu su ce alamar balaga ce. Har mu kan yi wa wanda bai fara ba dariya, mu ce bai cika namiji ba tukuna. Ba wanda ya ke gaya wa uwarsa, balle malaminsa.

Tsakanin 2011 da 2015, a mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, Gwamnatin Kano ta aika da ɗalibai masu yawa ƙasashen waje, har da Sudan da Masar, domin su koyo aikin likita. Allah ya sa muna cikin waɗanda rabonsu ya tsaga. Muka tashi a jirgin sama daga Kano, ba mu yi rabin yini ba sai ga mu a Kartum. Muka yi ta mamaki, domin hanyar nan ce kakanninmu mahajjata su kan bi da ƙafa da jaki, ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru kafin su kai bakin Bahar Maliya.

Kartum tana nan inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka zama kogi ɗaya. Da farko mun sha wuya. Larabcin da muka koya a makarantar allo da ta Islamiyya bai fisshe mu a kasuwa ba, gama na bakin mutane daban ya ke da na littafi. Da safe ba koko ba ƙosai, sai dafaffen wake da su ke kira ful, da gurasa. Wata rana kuma guguwar ƙura ta kan taso jawur kamar bango, ta rufe gari har rana ta zama dare. Amma mutanen ƙasar masu karimci ne ƙwarai. Da watan azumi su kan shimfiɗa tabarmi a bakin titi, su tare duk mai wucewa, ba su barinsa sai ya sha ruwa tare da su.

Cikin shekara ta uku, bayan mun komo daga hutun da muka yi a gida muna taya dashen shinkafa, aka shiga koya mana ilmin tsutsotsin da ke zama cikin jikin mutum. Malaminmu ya ce kowa ya kawo fitsarinsa na tsakar rana, mu gwada hannunmu da shi. Muka zuba a 'yar kwalba, aka juya ta cikin na'ura har gurɓin ya kwanta, muka ɗiga a kan gilashi, muka sa ƙarƙashin madubin likita. Abokanmu suka duba nasu ba su ga kome ba. Mu kuwa da muka sa ido, sai ga wani abu mai siffar ƙwallon dabino, da 'yar ƙaya a tsininsa. Muka gusa gilashin, sai ga wani, sai ga wani kuma. Malam ya zo ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, a garinku ana noman rani?" Muka ce, "I, Malam." Ya ce, "To, ga ƙwan tsargiya nan, ba na littafi ba, naka." Ya kira ɗalibai duka suka yi layi suna kallo. Kunya ta kama mu kamar ƙasa ta tsage mu shige. Ga shi jinin ya daɗe da ɗaukewa, har mun manta, ashe macijin yana nan cikin ɗaki.

Ga yadda al'amarin ya ke, ku saurara da kyau. Tsutsar tsargiya tana zaune cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji manne da juna, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Waɗansu ƙwayayen su kan huda bangon mafitsara su fito cikin fitsari, shi ne jinin da a ke gani. In mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, sai ƙwan ya fashe, wata 'yar halitta ta fito tana iyo, tana neman wani irin ƙaramin dodon koɗi mai zama jikin ciyawar bakin ruwa. In ta same shi sai ta shige, ta hayayyafa cikinsa. Bayan kamar wata guda sai dubbai su riƙa fitowa, kowace da wutsiya mai baki biyu, ido ba ya ganinsu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata su ke shiga. Daga nan sai su bi jini, su girma, su sake komawa mafitsara. Ƙwayayen da suka maƙale ba su fita ba kuwa, su ne masu ɓarna a ɓoye. Su kan jawo ƙarancin jini da kasala, yaro ya kasa gane karatu. In shekaru suka yi yawa su kan lalata mafitsara da ƙoda, har su kai ga ciwon daji. Ga mata kuma su kan taɓa mahaifa. Akwai kuma wata iri mai zama a jijiyoyin hanji, mai kumbura hanta da saifa.

A daren nan ba mu runtsa ba. Muka tuna da kawunmu, wanda ya yi shekaru yana ban ruwa a gonakin mutane, kullum ƙafarsa cikin laka, ya yi ta fama da ciwon mara har fitsari ya gagare shi. Da aka kai shi asibiti a birni aka ce mafitsara ta riga ta lalace. Ya rasu bai kai shekara hamsin ba, mutane suka ce sammu ne. Allah ya ji ƙansa.

Ciwon nan tsoho ne. A 1910 wani masani mai suna Ruffer ya sami ƙwansa cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Wanda ya fara ganin tsutsar kanta wani likita ne Bajamushe, Theodor Bilharz, a Alƙahira cikin 1851, shi ya sa Turawa da Larabawa ke kiran ciwon da sunansa. Amma ba a tabbatar da hanyar da ta ke bi ta dodon koɗi ba sai 1915, sa'ad da Robert Leiper ya bi sawunta a ƙauyukan Masar. A nan Kartum kuma wani likita Bature, Christopherson, ya gwada wata allura ta yi aiki, ya bayyana wa duniya a 1918. Sai dai allurar nan mai wahala ce, ana yinta makonni, tana sa amai da tari. Yanzu kuwa akwai ƙwayar magani fara mai suna firazikwantel, wadda aka samo cikin shekarun 1970. Ita aka ba mu, muka sha rana ɗaya bayan mun ci abinci. Bayan 'yan makonni muka sake dubawa, ba ƙwai ko ɗaya.

A shekara ta huɗu aka kai mu aikin ƙauye a Jazira, watau ƙasar da ke tsakanin Nilu biyu, kudu da Kartum, wadda babban garinta shi ne Wad Madani. Turawan Ingila suka datse Shuɗin Nilu a Sannar cikin 1925 domin noman auduga, filin ya yi ta faɗi har ya zarce eka miliyan biyu. Da muka sauka daga mota muka duba, wallahi sai muka ce Kadawa ce aka ɗauko aka ajiye. Ga magudanai miƙe sambal, ga mata suna wanki, ga yara tsirara suna tsalle cikin ruwa da tsakar rana. Muka sa rariya mai dogon mariƙi cikin ciyawa, muka ɗebo dodon koɗi ƙanana irin waɗanda mu ke wasa da su muna yara.

Muna cikin haka muna magana da Hausa tsakaninmu, sai wani tsoho ya tsaya ya ce, "Sannunku da aiki, samari. Daga wace ƙasa?" Muka durƙusa muka ce, "Daga Kano, Baba." Ya ce kakansa ma daga ƙasar Hausa ya taso za shi Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga, har yau ba a ƙarasa tafiyar ba. Irinsu suna da yawa a ƙasar. Kusa da Sannar ma akwai garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tsohon nan ya kai mu unguwarsu ta leburorin gona, ya zama tafintanmu. Muka auna yaran wurin, muka tarar ciwon ya fi yawa a cikinsu bisa ga yaran cikin gari, domin su ba su da famfo, ba su da masai, sai magudana. Ya ba mu labari kuma cewa tun daga 1979 an yi wani babban aiki na shekara goma da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ana raba magani, ana kashe dodon koɗi, ciwon ya ragu ƙwarai, amma da aka sake hannu sai ya komo.

Da muka gama karatu muka dawo gida da zafinmu. Muka sami mahaifinmu a gona muka ce, "Baba, ruwan nan shi ne cuta, ya kamata a hana kowa shigarsa." Ya dube mu ya yi murmushi ya ce, "To, likita. Shinkafar da aka sayar aka ɗinka maka rigar tafiya, a tudu aka dasa ta?" Muka rasa amsa. Gaskiyarsa ce. Ba a ce wa manomin rani ya bar ruwa, kamar yadda ba a ce wa maƙeri ya bar wuta. Muka koma muka yi tunani, sai muka ga ashe ciwon kamar sarƙa ya ke mai zobe uku, mutum da ruwa da dodon koɗi. Ruwa ba laifinsa, dodon koɗi kuma ba ya haifar tsutsa da kansa, sai an kai masa. Zoben da ke hannunmu shi ne na mutum. Da muka mayar wa Baba da wannan magana ya yarda, ya sa aka haƙa masai a gefen gona, shi da kansa ya tara ƙannenmu aka ba su magani.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da mu ke roƙonku. Kada ku yi fitsari ko bayan gida cikin magudana ko kududdufi, ko kusa da bakinsu. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kada ya ɓoye, kada kuma ya yi alfahari, ya gaya wa mahaifinsa ko malaminsa a kai shi asibiti. Ran da ma'aikatan lafiya suka zo makaranta da sandan awon tsawo da ƙwayoyi, kada ku gudu. Ku ci abinci tukuna, sa'an nan ku sha, jirin da ya kan biyo baya ba ya daɗewa. Ku sani kuma maganin ba ya hana a sake kamuwa, don haka a ke maimaita shi. Ku rage wankan magudana na wasa, tun ba da tsakar rana ba. Ruwan wanka in an ɗebo shi an ajiye kwana biyu, ko an tafasa shi, abin da ke ciki ya mutu.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗaliban Nijeriya da kyar, waɗansu ta iyakar Masar, waɗansu ta bakin teku. Wutar ta kai Wad Madani a ƙarshen shekarar nan. Kullum muka tsaya a bakin magudanar garinmu mu kan tuna da tsohon nan da jikokinsa, da malamin da ya sa muka duba namu kafin mu duba na wani. Allah ya kawo musu zaman lafiya. Mutane sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gaskiya ne, amma ƙofar da mabuɗinmu ya buɗe a gida ta ke. Wanda Allah ya nufa da fita waje karatu a cikinku, ya tafi da ido biyu, ɗaya kan littafi, ɗaya kan garinsu.

Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya ba mu lafiya baki ɗaya, amin. Haza wasalam.