Dodon Da Ya Yi Haƙuri Da Ni

Masu karatu, ku yi mini gafara, yau labarin wasa na kawo muku, ga ni kuwa dattijo wanda furfura ta riga ta gama da gemunsa. Da a ce shekara biyar da suka wuce wani ya gaya mini zan zauna in tsara magana a kan wasan yara na cikin wayar hannu, da na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ni ne fa mutumin da ya taɓa ƙwace wayar autansa ya kulle ta cikin akwati har wata guda, don na same shi da tsakar dare yana fama da waɗansu dodanni, littafin lissafi kuwa na gefe ko buɗe shi bai yi ba.

A cikin daminar shekarar 2022, a gidan da mu ke haya a Agege nan Ikko, na tashi da asuba zan yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, hannu ya ƙi. Na buɗe baki in kira uwargida, sai na ji wata irin murya tana fita daga bakina wadda ban taɓa jinta ba. Ashe hawan jinin nan da na yi shekara da shekaru ina raina maganinsa, shi ne ya zo karɓar bashinsa. Na yi mako uku a asibiti, aka sallamo ni da hannu a sake, ƙafa ina janta, harshe kuma ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Wanda bai taɓa kwanciya irin wannan ba zai zaci ciwon jiki ne ya fi damun mai shanyewar ɓarin jiki. Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne gaggawar masoya. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa tausayina ya ke ji, amma ba mai iya jirana. In na fara magana na tsaya ina laluben kalma, sai wani ya yi maza ya ƙarasa mini, sau da yawa kuma ba abin da na ke nufi ke nan ba, sai dai in gyaɗa kai don a wuce wurin. In na miƙa hannu zan ɗauki kofi, kafin in kai an riga an ɗauka an kafa mini a baki. Abokai su zo dubiya, su tambaye ni yaya jiki, idonsu kuwa na kan uwargida, ita za ta amsa. Ni da na yi shekara talatin ina aikin akawu, ana jira in sa hannu kafin takarda ta motsa, sai ga shi na zama kamar tulu a kusurwar ɗaki. Kafin wata biyu na daina ƙoƙarin magana ɗungum.

Ran nan da hantsi, autan nan nawa da na ƙwace wa waya, lokacin yana da shekara goma sha shida, ya shigo ya durƙusa, ya ajiye wayarsa a kan cinyata ta hagu. Ya ce, “Baba, ga wani wasa, da hannu ɗaya a ke yinsa.” Na harare shi. Ya ce, “Ba ya buƙatar sauri, Baba. Sai ka ga dama.” Ya tashi ya fita abinsa. Ina tsammani tsoro ne ya fitar da shi, amma da ya tsaya a kaina lalle da ban taɓa wayar ba.

Sunan wasan Dragon Quest, watau neman dodo, irin dodon nan na tatsuniyoyin Turawa mai siffar ƙaton ƙadangare, mai fukafukai, mai aman wuta. Daga baya na san asalinsa. A ƙasar Japan aka yi shi, kamfanin Enix ya fitar da shi ran 27 ga watan Mayu na 1986, don wata na'urar wasa ta kamfanin Nintendo mai suna Famicom wadda a ke jona wa talabijin. Yuji Horii ne ya tsara labarin da dokokin wasan, bayan ya ga irinsa da Amurkawa ke yi a kwamfuta, kamar Wizardry da Ultima, waɗanda su kuma suka samo tushe daga wani wasan tebur na 1974 mai suna Dungeons & Dragons. Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, shi ya zana dodannin, Koichi Sugiyama kuma ya tsara kiɗan. Sugiyama ya rasu a 2021, Toriyama a 2024. Wasan nan na farko duka-dukansa kilobait 64 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da yaran yanzu ke ɗauka da waya ba. Da aka fitar da na uku a watan Fabrairu na 1988, mutanen Japan suka yi dogayen layuka a ƙofar kantuna, yara da dama suka gudu daga makaranta don su saya. Da na ji haka sai na ce ashe ba ni kaɗai ba ne uban da wannan abu ya tayar wa hankali. Wanda ɗana ya ba ni shi ne na farkon, wanda aka sabunta aka sa a waya a 2014.

Labarin ba shi da wani tsawo. Kai ne jikan wani barde na dā mai suna Erdrick. Sarkin ƙasar Alefgard ya kira ka fadarsa ta Tantegel, ya gaya maka cewa Sarkin Dodanni ya sace ƙwallon haske da ke tsare ƙasar, an kuma sace 'yarsa. Ya ba ka zinariya 120 da tocila da mabuɗi, ya sallame ka. Da ka fito ƙofar gari, ga fadar Sarkin Dodanni can ƙetaren ruwa kana hangenta ƙuru-ƙuru, amma babu gada babu kwalekwale, sai ka zaga duniyar wasan kaf kafin ka taka ta. Wannan ya taɓa ni, domin daga tagar ɗakina ina hangen masallacin unguwarmu a ƙetaren titi, tafiyar da a dā ba ta kai minti biyu ba, ga shi wata uku ban taka shi ba.

Na fara jan ɗan mutumin nan da babban yatsan hagu, yana ta karo da bango da duwatsu. Ban yi nisa ba sai kiɗa ya sake, ga wata halitta shuɗiya mai kama da ɗigon ruwa ta tare mini hanya, tana ta murmushi kamar ta ga ɗan'uwanta. Gabana ya faɗi, na ce yanzu za ta gama da ni kafin yatsana ya sami inda zai danna. Sai na ga ta tsaya. Aka jera mini zaɓi huɗu: in kai sara, ko in yi tsatsuba, ko in ɗauko wani abu daga jaka, ko in gudu. Na yi minti ɗaya ina kallo, ba ta motsa ba. Na yi minti biyar da gangan don in gwada ta, tana nan tana murmushinta. Da na danna sara, ta karɓa, ta rama nata sau ɗaya, ta sake tsayawa tana jirana.

Wannan shi ne faɗan bi-da-bi, kuma wanda ya san dara ya riga ya san shi. Ka taka, abokin wasa ya taka, ba mai taka biyu a jere don ya ga hannunka na rawa. Wani lokaci dodo kan shammace ka ya fara kai hari, amma da ya yi nasa sai ya dakata. Kowane ɗayanku yana da adadin rai a rubuce, kowane sara yana rage shi, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi. Saboda haka duk faɗan lissafi ne, ni kuwa lissafi sana'ata ce. In saurana goma sha biyu, shi kuma saransa ba ya wuce takwas, to ina da damar sara ɗaya kafin in sha ganyen magani. Tun da na kwanta, ran nan ne karo na farko da aka tambaye ni ra'ayina aka kuma saurara har na ba da amsa, mai sauraren kuwa ɗigon ruwa ne mai murmushi. Na yi dariya ni kaɗai, sa'an nan na share ido da gefen riga.

Kada mai karatu ya zaci wasan ba shi da aibu. Rabinsa maimaici ne mai gundura. Takobin tagulla zinariya 180 ne, ƙananan dodanni kuwa abin da su ke bari bai taka kara ya karya ba, tilas ka yi ta zagaye a bayan gari kana kashe iri ɗaya har ka tara. In ka yi garaje ka ƙetare gada kafin ƙarfinka ya kai, nan da nan za a kwantar da kai, ka farka gaban sarki yana yi maka faɗa, rabin kuɗinka ya tafi. Amma ƙarfin da ka tara ba a taɓa shi, yana nan. A daidai wannan lokaci ma'aikaciyar asibiti ta ɗora mini aikin tsintar ƙwayar wake da hannun dama, daga wannan kwano zuwa wancan, hamsin da safe hamsin da yamma. Ba zan ce wasa ya warkar da ni ba, magani da motsa gaɓoɓi da ikon Allah su suka yi aikinsu. Sai dai na lura ranar da na yi haƙurin tara kuɗin takobi, wake ma ba ya ba ni haushi sosai.

Turancin wasan irin na dā ne mai sarƙaƙiya, rubutun kuma ƙanana, don haka da dare yaron kan zo ya zauna gefen katifa yana karanta mini abin da mutanen garuruwa ke faɗi. A nan ne na ga abin da ban zata ba. In faɗa ya tashi na rasa abin yi, sai ya ce, “Baba, me za mu yi masa?” ya yi shiru. Harshena ya yi ta kokawa da kalma, shi kuwa ko uffan, idonsa na kan waya, kamar yadda ya saba jiran yinsa a wasa. Shi kaɗai ne a gidan ba ya ƙarasa mini magana. Ban san ko wasan ne ya koya masa ba, ko halinsa ne tun dā ban lura ba saboda ina ta faɗan littafin lissafi. Da shi na fara haɗa jimla cikakkiya, kuma jimlar a kan ko mu sayi garkuwa ce ko mu kwana a masauƙi.

Gimbiyar muka same ta cikin wani kogo, koren dodo na gadinta. Da na kashe shi sai ɗan mutumina ya sungume ta a hannu, haka ya yi ta tafiya da ita har fadar ubanta. Na gaya wa yaron, da ƙyar da jan harshe, cewa mu ma muna da baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura ya auri sarauniya, ashe neman aure da kan dodo ba ƙabilar da ta fi wata. Gimbiyar nan kuwa tana da wani hali: in ta yi maka tambaya ka ce a'a, sai ta maimaita, ta yi ta maimaitawa har ka ce i. Uwargida da ta ji haka ta ce wannan yarinya ta san abin da ta ke yi.

Sai da na yi kusan wata biyu kafin na haɗa dutsen rana da sandar ruwan sama da lambar kakana, aka ba ni ɗigon bakan gizo, gada ta bayyana a kan ruwan nan. Na ratsa fadar har ƙarƙashin ƙasa, na iske Sarkin Dodanni zaune a gadonsa cikin siffar mutum da sanda a hannu. Bai zare makami ba. Tayi ya yi mini: in na bi shi, zai raba duniya biyu ya ba ni rabi. Aka rubuta i da a'a, aka bar ni da su. Wannan tambaya ba irin ta gimbiya ba ce, domin a wasan asali na 1986 wanda ya ce i, allo kan rine, tafiyarsa ta ƙare a nan.

Ana cikin haka aka kira magariba. Na ajiye wayar a kan tabarma yadda ta ke, na ce wa yaron ya miƙo mini sandata. Ya dube ni, bai ce kome ba, ya kawo. Muka fita, ya tsayar da masu babur da hannu, na ja ƙafa har muka ƙetare titi. An riga an yi raka'a biyu kafin mu isa, na yi sallata a zaune a sahun baya, na kuma zauna nan har isha'i don ban yarda ƙafar za ta iya sawu biyu ba.

Da muka komo, Sarkin Dodanni na nan inda na bar shi, da tayinsa a baki. Yaron ya ɗauki wayar ya ce, “Baba, me za ka ce masa?” Na daɗe kafin kalmar ta fito. Na ce, “A'a.” Sai ya miƙo mini in danna da kaina. Na sa hannun dama, yatsa ya zame sau biyu, a na uku ya samu.

Muka gwabza, na kayar da shi, ina shirin murna sai ya rikiɗa ya koma dodonsa na ainihi, ya yi mini aman wuta har na farka gaban sarki da rabin kuɗina. Sau uku yana yi mini haka. A rana ta huɗu na gama da shi, saura rai tara a jikina. Sarki ya yi wa ɗan mutumina tayin gadon sarauta, ya ƙi, ya ce zai je ya nemi ƙasarsa a wani wuri, gimbiya kuma ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Yaron yanzu yana jami'a, sai hutu mu ke ganinsa. Kafin ya tafi ya sa mini wasan na biyu, na 1987, a wayata, wanda a cikinsa mutum uku ne ke tafiya tare. Na sami na biyun, ta ukun ce har yanzu na ke nema.