Ranar da zoben ƙarfe ya buɗe a Kantin Kwari

Duk wanda yake Kantin Kwari a daminar 2022 ba zai manta da ambaliyar watan Agusta ba. Ruwa ya cika layuka ya shiga shaguna, dilolin atamfa da shadda suka jiƙe, muka yini muna kwasar kaya zuwa bene. Da ruwa ya janye, maigidana ya ce janaretanmu ma sai ya koma sama, ba zai yarda ya sake shan ruwa ba.

Injin ya haura rabin tan, ya fi ƙarfin kan 'yan dako. Aka aro sarƙar ɗaga kaya, aka ce a rataye ta a jikin ƙarfen da ke saman baranda. Ni aka aika neman zoben da za a maƙala ƙugiya. Na je wurin wani mai walda, ya lanƙwasa rodi, ya ɗiga masa wuta, ya haɗa shi da noti. Na dawo ina murnar na yi wa maigida sauƙi.

Wani dattijon makanike da ya zo kwance wayoyin injin ya karɓi zoben, ya jujjuya shi a hannu.

"Yaro, ina lambarsa?"

Na ce, "Baba, ai ƙarfe ne mai kauri."

Ya ce, "Kauri daban, ƙarfi daban. In dai da wannan za ku ɗaga, kowa ya bar ƙarƙashi."

Shi ya kori masu kallo da mai shayin da ke gindin benen. Inji ya tashi lafiya har ya kusa baranda. Sai 'yan dako suka sa igiya suka jawo shi gefe don ya shiga ciki. Na ji ƙara, ƙas! Waldar ta balle, zoben ya buɗe, injin ya faɗo daidai inda teburin mai shayi yake ɗazu. Salati kawai kake ji. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Washegari Baba ya kai ni Sabon Gari wurin masu kayan ƙarfe. Ya nuna mini zoben gaske: ƙira ɗaya ce ba haɗi, da kafaɗa a gindinsa, da lamba a jikinsa. Irin wanda ake kira DIN 580, mai lamba M16 yana ɗaukar kilo 700 idan an ja shi a miƙe, amma da sarƙa ta karkata sai ƙarfinsa ya ragu zuwa kilo 500. M20 kuwa kilo 1,200 ne a miƙe. Ya ce a ɗaure shi har kafaɗar ta zauna daram, kada a bar rata. Wanda ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa a jefar da shi, ba a miƙar da shi da guduma. Zoben da ke kan wani ɓangare na inji kuma na ɗaga wannan ɓangaren ne kaɗai, ba na injin duka ba.

Gyaran janaretan ya ci kuɗin zobe ɗari. Araha ba ta ado.

'Yan uwana na kasuwa, kafin a ɗaga kaya a tambayi nauyinsa, a duba lambar zobe, a kori jama'a daga ƙasa. Inji ana sake sayensa, rai kuwa ba a kasuwa yake ba.